Daga Bakin Fadama Zuwa Shafin Littafi

 

Masu girma iyayen ƙasa, malamanmu na allo da na boko, iyayena mata da ke zaune can gefe, ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan zama. Ina godiya ga matasan Taba da suka gayyace ni, suka ce in zo in faɗi littattafan tarihi da na kimiyya da suka cancanci mutum ya ba su lokacinsa.

Da saƙon ya iso ni, sai na ɗauki takarda na fara jera sunaye, kafin in ankara na cika shafi biyu. Amma na san makomar irin wannan takarda, a ninke ta a sa a aljihu, a manta da ita. Don haka na ajiye ta, na ce gara in biyo ta gona. Kusan duk littafin da zan ambata yau, akwai wani abu a gonarku ko a tsakar gidanku da za ku iya ɗauka ku gwada maganarsa da shi, ku ga ko ta tsaya ko ta faɗi. Irin wannan littafi ne nake ganin ya fi cancantar kuɗin mutumin karkara da lokacinsa.

Mu fara da rake. Duk wanda ya tashi a yankin nan namu, daga Kudan zuwa Makarfi har Ikara, ya san ƙamshin da ke tashi daga bakin fadama idan sanyi ya shigo aka fara dafa mazarƙwaila. Ga doki yana zagaye yana juya ƙarfen matsa, ko inji yana ta ƙugi a wuraren da aka sallami doki. Yaro na cusa sandunan rake ta wannan gefe, matsattsen na fita ta wancan, ruwan na tsiyaya. A juye shi a babban kasko, a iza wuta da busasshen raken da aka matse jiya, mai dafawa na tsaye da dogon ludayi yana kwashe kumfa. Ba shi da agogo, ba shi da ma'aunin zafi. Da ido yake gane ruwan ya ƙone ya bar zaƙin, ya ɗiga kaɗan ya ga yadda ya kama, sannan a sauke a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Abin da malamin kimiyya ke zanawa a allo game da yadda ruwa ke zama tururi ya bar abin da ya narke a cikinsa, wannan mutum yana yin sa kullum da hannunsa.

To daga ina raken ya zo? Wani Ba'amurke mai suna Sidney Mintz ya ba da amsa a littafinsa Sweetness and Power, wato zaƙi da mulki, wanda ya fito a 1985. Asalin rake can wani tsibiri ne mai nisa, Sabuwar Gini, gabas da Indunusiya. A Indiya aka gano yadda za a mayar da ruwansa ƙwayar sukari, ita kanta kalmar daga can ta taso, ta biyo ta bakin Farisawa da Larabawa ta iso mu. Musulmi ne suka yaɗa nomansa zuwa Masar da Arewacin Afirka da Andalus. A 1493 Kolumbus ya tsallaka teku da irinsa. Daga nan labarin ya yi baƙi. Gonakin rake na Birazil da tsibiran Karibiyan su ne suka haɗiye mafi yawan mutanen da aka kwasa daga Afirka, waɗanda yawansu ya haura miliyan 12. Mintz ya bi diddigin yadda sukari ya tashi daga abin marmarin sarakunan Turai ya zama abin da leburan masana'antar Ingila ke zubawa a shayi don ya samu ƙarfin aiki, da kuma wanda ya biya kuɗin wannan arha da jininsa.

Kada ku ce wannan labarin wasu ne. A cikin waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil akwai Hausawa da yawa, kuma su suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi a can a 1807 da 1814. A watan azumin 1835 Musulmin birnin Salvador na can Bahiya, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban bore, aka riƙa samun layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar, João José Reis, ya tono takardun shari'ar da aka yi musu ya rubuta Slave Rebellion in Brazil. Na karanta shi da nauyin zuciya, domin mutanen da ke cikinsa sun yi karatun allo irin wanda muka yi.

Jiragen da suka kai rake can ba su dawo wayam ba. Ku leƙa tukunyar miyarku: tumatir, tattasai, attaruhu, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Haka masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda, haka ganyen taba. Namu na asali su ne dawa da gero da wake da acca da gujiya. Kakannin kakanninmu na zamanin Sarauniya Amina ba su san jar miya irin ta yau ba. Wanda ya fara tattara wannan magana a littafi shi ne Alfred Crosby a 1972, cikin The Columbian Exchange, amma wanda ya fi daɗin karatu shi ne na Charles Mann, mai suna 1493, da ya fito a 2011.

Tumatir ya riga maƙiyinsa isowa da shekaru masu yawa, amma maƙiyin ya biyo sawu. Kowa a nan ya tuna 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wannan tsutsa, da masana ke kira Tuta absoluta, ita ma daga Kudancin Amurka take. An fara ganin ta a Sifen a 2006, cikin shekara goma ta ratso har fadamunmu. Abin da ya fi ɗaure wa manoma kai shi ne a yi feshi yau, a sake jibi, a ƙara ƙarfin magani, ita kuwa ko a jikinta. Dalili na farko, tana shiga tsakanin fatar ganye ta ɓuya inda magani ba ya kai mata. Dalili na biyu kuwa wata mata ta bayyana shi tun 1962. Sunanta Rachel Carson, littafinta Silent Spring, wato bazarar da ba a ji kukan tsuntsu ba. Ta nuna cewa idan ka yi ta fesa magani iri ɗaya, raunanan ƙwari ne ke mutuwa, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, sai ka wayi gari da jikokin da maganin bai dame su ba. A lokaci guda kuma ka kashe ƙwarin da ke cin su, waɗanda da ma kyauta suke yi maka aiki. Kamfanonin magani sun yi mata ca, amma bayan shekara goma, a 1972, Amurka ta hana fesa maganin DDT a gonakinta.

Ina roƙon duk wanda ke goya tankin feshi ya nemi wanda zai karanta masa wannan littafi. Na ga yaro ɗan shekara goma sha biyar yana dama magani da hannu, ba safa, ba takunkumi, iska na dawo masa da shi a fuska, ya gama ya zauna ya ɓare rake ya sha bai wanke hannu ba. Na ga robar magani da aka ɗauraye aka zuba man gyaɗa a ciki. Wallahi wannan ya fi sharon tayar mini da hankali.

Yanzu ga littafin da ya fi kowanne kusa da mu. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, yana aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau: Hanwa, da Ɗan Mahawayi, da Doka ta kan hanyar Zariya zuwa Kano. Shi da ma'aikatansa suka bi manoma shekara guda cur, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, me ya girba. A wancan zamani abin da malaman gona ke koyarwa shi ne kowane iri a ware masa gonarsa, haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya kuwa ana yi masa kallon rashin wayewa. Da aka zauna aka yi lissafi, sai ga shi manomin da ke haɗawa ya fi samun amfani a fili ɗaya, ya fi cin moriyar guminsa a watannin noma da aiki ke shaƙe wuya, kuma idan damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu, domin in gero ya ƙi dawa za ta ba shi. Norman da abokan aikinsa biyu, Emmy Simmons da Henry Hays, sun tattara wannan a Farming Systems in the Nigerian Savanna a 1982, kuma aikin ya taimaka wajen sauya yadda masu binciken noma a duniya ke kallon ƙaramin manomi.

Ku duba fa. Iyayenmu ne aka auna, gonakinsu ne aka rubuta, ɗalibai a ƙasashe masu nisa sun ci jarrabawa da su, mu kuwa jikokinsu da yawanmu ba mu taɓa jin sunan littafin ba. Wannan yana ci mini rai.

Me ya sa wake ke gyara ƙasa? In damina ta zo ku tuge guda ɗaya a hankali, ku kakkaɓe ƙasar saiwar, za ku ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma dawa da masara ba su iya cin ta kai tsaye. Lambar 46 da ke jikin buhun yuriya yawan wannan sinadari take nufi, haka lambar farko a cikin ukun da ke jikin buhun kamfa. Yadda ɗan Adam ya koyi kamo shi a masana'anta shi ne labarin The Alchemy of Air na Thomas Hager, 2008. Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar a 1909, Carl Bosch ya gina masana'antar farko a 1913. Wannan sinadari da ke ciyar da duniya shi ne kuma ya ba Jamus albarushi a yaƙin duniya na farko, kuma Haber ɗin nan shi ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen fama. Littafin bai ɓoye ko ɗaya ba, shi ya sa na yarda da shi.

Wani zai ce, Malam, duk na Turanci kake ta kawo mana. Gaskiya ne, amma a Zariya aka taɓa nuna cewa Hausa na iya ɗaukar kimiyya. Alhaji Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1940, suka yi bayanin halittu iri-iri na duniya da Hausar da tsoho da yaro za su fahimta. Ilimi ya ci gaba tun daga lokacin, wasu bayanan suna bukatar gyara, amma salon bai tsufa ba. Duk wanda ke da shi a akwatin mahaifinsa ya fito da shi ya kakkaɓe.

Mu juya ga tarihin sarauta. Da Allah Ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa a watan Satumban 2020, bayan shekara 45 a kan gado, ko'ina ka je magana ɗaya ake: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa, wane gida ne zai samu? A kwanakin nan gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru el-Rufa'i, ya sanar wa duniya cewa yana karanta Government in Zazzau, wanda M. G. Smith ya wallafa a 1960. Shi Smith mutumin Jamaika ne, ɗaya daga tsibiran raken da na ambata ɗazu, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Ya bayyana yadda Makau ya bar Zariya a lokacin jihadi, yadda Malam Musa ya hau, yadda aka riƙa karɓa-karɓa tsakanin gidaje, da yadda ake rabon muƙamai da garuruwa. Littafin da ya shekara sittin ya dawo ya shiga maganar naɗin sarki. Wanda ya karanta shi ya san nauyin abin da ya faru da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, aka mayar da sarauta gidan Mallawa bayan kimanin shekara ɗari.

Sai dai kada ku haɗiye shi ba tauna. Smith daga bakin fada ya ɗebo mafi yawan labarinsa, kuma ya cika raba mutane gida biyu, Fulani da Haɓe. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙalubalance shi a kan haka, yana ganin irin wannan rabo yana rufe ido ga abubuwan da suka fi tasiri, kamar sana'a da fatauci da ƙaura da mallakar ƙasa. Muƙalar tana cikin Beyond Fairy Tales, tarin rubuce-rubucensa da aka buga bayan rasuwarsa a 2005, kuma ya nuna tasa hanyar a aikace a The Transformation of Katsina na 1981. Ku karanta su biyun a jere. A nan ne ɗalibi ke gane cewa marubucin tarihi mutum ne mai kawo hujja, ana iya tambayarsa inda ya samo ta.

Amma da za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak in bar wa garin nan, ba na Smith zan zaɓa ba, na matarsa zan ɗauka. Yayin da shi yake zaure da manya, ita Mary tana cikin gida a Giwa tare da wata tsohuwa da ake kira Baba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 Baba na ba da labarin rayuwarta da Hausa, Mary na rubutawa. An haife ta wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa ta ƙasar Kano, maƙwabtanmu na nan arewa. Ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, domin sai a 1954 Baba of Karo ya fito. Daga baya an buga shi da ainihin Hausarta da sunan Labarin Baba.

Babu sarki a tsakiyar wannan littafi. Akwai yarinya mai talla, akwai ƙawance da yadda ake ƙulla shi, akwai aure huɗu da dalilin mutuwar waɗanda suka mutu, akwai matar da Allah bai ba haihuwa ba ta yi riƙo ta rene su kamar nata, akwai bori da suna da wankan jego. Akwai rinjin gidansu da bayin da ke noma a ciki, kuma ba ta ɓoye cewa danginta masu bayi ne ba. Sannan akwai mahara. Ta faɗi yadda ake dirar wa ƙauye a kwashe mata da yara, yadda dangi ke bin sawu gari gari suna cigiya, yadda ake haɗa wuri a biya fansa. Iyayena mata, na san wasunku sun ji wannan a jikinsu, domin abin da muke tsammanin sabo ne a ƙasar nan, wannan baiwar Allah ta gan shi tana ƙarama. Ta kuma ga zuwan Turawa, ta faɗi abin da ya sauya a rayuwar mace da baiwa da talaka, da idon wadda abin ya faru a kanta. Ban san wani littafi da ya adana muryar macen karkarar Hausa ta wancan zamani kamar wannan ba.

Sauran zan ambace su a gurguje. Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, 1812, shaidar wanda aka yi jihadi da shi ce, kuma akwai shi da Hausa. The Sokoto Caliphate na Murray Last, 1967, shi ma an fassara shi da sunan Daular Sakkwato. Mahdi Adamu, a The Hausa Factor in West African History na 1978, ya bi fatakenmu har Gwanja. Michael Watts kuma, a Silent Violence na 1983, ya nuna cewa yunwa irin Kakalaba ta 1914 ba rashin ruwa kaɗai ya kawo ta ba, har da haraji da sauyin kasuwa da suka bar rumbuna wayam.

Malamanmu na zaure, ku ma da naku. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ce kafin a karɓi labari a auna shi da yadda al'amuran duniya ke gudana, ya kawo misalin marubutan da ke ambaton rundunar da filin ma ba zai ɗauke ta ba. Da masu tura mana saƙon murya a WhatsApp sun bi wannan ƙa'ida da an huta. Ga kuma Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi kan yadda ake tsara lambobi a hatimi, har Claudia Zaslavsky ta ba shi gurbi a Africa Counts na 1973 a matsayin masanin lissafi. Ɗalibai, ga aikin gida: ku zana gida tara, ku zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da 15. In kun samu, ku gwada mai gida 25.

Saura maganar inda za a samu da wanda zai karanta. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da ɗakin karatu a kulle, aka nemo mabuɗi da ƙyar. Da aka buɗe, gara ta gina hanya daga ƙasa har saman kanta, littattafan da na ɗaga suna zubewa a hannuna kamar garin tuwo. An kulle su ne don kada yara su lalata. Ban manta warin ɗakin nan ba.

Zariya ba nisa. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, akwai maɗabar jami'a, akwai Gidan Arewa a Kaduna, kuma 'ya'yanmu da ke karatu a can za su iya nemo mana. Game da Turanci kuwa, muna da hanyar da muka gada. Malam na buɗe Ahalari ko Iziyya ya ja baƙi da Larabci ya fassara da Hausa, almajirai na saurare suna tambaya. Abin da nake roƙon malaman makarantun Taba ke nan: dare ɗaya a mako, bayan isha'i, mutum ɗaya ya karanta shafi biyar ya fassara, manoma su ce wannan haka yake, wannan kuwa a gonata ba haka na gani ba. A samu malama ta yi wa mata irinsa a cikin gida.

Ku kuma 'yan mata da samari masu waya a hannu, kowannenku yana da kaka ko gwaggo da ta ga dalar gyaɗa, ta ga farin 1973, ta san sunayen irin dawar da aka daina shukawa. Ku zauna kusa da ita da yamma, ku nemi izininta, ku kunna rikoda, ku tambaye ta yadda aka yi aurenta da abin da suka ci a shekarar yunwa, ku bar ta ta yi magana ba katsewa. Ku rubuta sunanta da ranar da kuka ɗauka. Na zo da kwafin Labarin Baba guda ɗaya, zan bar shi a hannun shugaban matasa, a fara zaman farko da shi.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, bismillah.